Gyaran tsohuwar igwa: a tsayar da tsatsa, a bar maganar harbi

Damagaram ta san igwa tun kafin zuwan Turawa. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a nan Zinder ake zuba igwa, a nan ake haɗa albarushi. Daga baya Faransawa suka shigo da nasu bindigogin a 1899, bayan yaƙin Tirmini. Don haka duk guntun igwar da ya ɓulla a wani kango ko a hannun masu sayen tsofaffin ƙarafa, kayan tarihi ne. Ra'ayinmu kuwa shi ne, maƙeri ko mai walda zai iya kula da ita a garejin gidansa, amma aikinsa ya tsaya ga tsayar da tsatsa. Mayar da ita sabuwa ƙal ɓarna ce. Gwada harba ta kuma kasada ce da rai.

Kafin a ɗauki ko buroshi, a sanar da jandarma da masu kula da gidan tarihi, domin igwa makami ce ko ta shekara ɗari a kwance. Sannan a tabbatar babu komai a cikinta. Igwar da ake ɗurawa ta baki, sai a zura sanda ta itace a hankali, a sa alama inda ta tsaya, a gwada tsawon da na waje har zuwa ƙaramar ƙofar kunna wuta. In sandar ta gaza kaiwa, a ɗauka akwai tsohon ɗuri. Albarushin da ya bushe ba ya mutuwa don tsufa. Ba a tona shi da ƙarfe, ba a kusanto da wuta, aikin sojoji masu kwance bam ne. Irin ta Faransa ƙirar 1897 mai baki milimita 75 tana da tukunyar mai da matsattsiyar iska da ke rage ja da bayanta in an harba, ita ma ba a kwance ta a gida.

Maganaɗisu zai raba gardama: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, in bai kama ba, tagulla ce. Wajen goge tsatsa ne yawancin ɓarna ke faruwa, domin hannun mai walda ya saba da injin gurza. Minti kaɗan na gurza yana share lambar masana'anta, da shekara, da tabon zubi da ke nuna ko aikin gida ne ko na Turai. Buroshin waya na hannu ya isa, da haƙuri. Kusoshin da suka ƙi juyawa a riƙa jiƙa su da gazuwal safe da yamma na tsawon mako, kada a sa musu wuta. Zubabben ƙarfe ba ya son zafi a gefe guda, tsagewa yake yi, kuma waldar da aka yi masa kan buɗe sabuwar tsaga kusa da tsohuwar.

Ƙananan sassa, irin su zobba da ƙarafan ƙafa, ana iya cire musu tsatsa da lantarki. A narka cokalin cin abinci ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4 ta ruwa cikin roba, a haɗa baƙar wayar cajar batir mai bolt 12 da abin da ake gyarawa, jar wayar kuma da wani guntun ƙarfe na banza, kada su taɓa juna. In aka juya wayoyin, abin da ake son ceta shi zai cinye. A yi a fili, saboda iskar da ke tashi tana kama wuta. Amma bututun da tsatsa ta ci da zurfi, kada a tsoma shi: fatarsa ta waje ta riga ta yi laushi, za ta zube tare da rubutun da ke kanta.

Bayan gogewa sai sinadarin tanin, wanda masu adana kayan tarihi ke shafawa sau biyu ko uku, ya mai da tsatsa baƙar fata mai kare ƙarfe. Shi ne dai ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma jiƙonta da aka tace sosai yana baƙanta ƙarfe. Mun fi amincewa da na kanti, don an san ƙarfinsa. In ya bushe a bi da kakin adana ƙarfe, shafi siriri. Kakin zuma yana narkewa kusa da digiri 63, ya yi danƙo a rana, ƙurar hunturu ta manne masa. Baƙin man mota kuwa, wanda kowa ke saurin kawowa, datti kawai yake tarawa.

Tagulla ta fi sauƙi, in an iya kame hannu. Koren da ya kwanta lif a jikinta kariya ce, kada a kai masa tsamiya ko lemun tsami ko toka. Abin tsoro shi ne kore mai haske da ke fitowa kamar gari daga ƙananan ramuka. Gishiri ne ke cin ta daga ciki, kuma danshi ke tayar da shi, sai a ajiye ta a busasshen wuri a nemi ƙwararre.

Za a ce igwar da ba ta tashi a hawan salla mene ne amfaninta? Bututu mai tsaga ta ciki ba ya nunawa a waje, ranar da ya fashe kuwa a tsakiyar jama'a zai fashe. Mai son ƙara a biki, ’yan bindiga na nan da nasu kayan.

Sai mazauni. Dasa igwa cikin siminti yana riƙe ruwa a ƙarƙashinta, inda ido ba ya gani. A sassaƙa mata gado da kirya, wadda gara ba ta cika damu ba, a ɗora shi kan duwatsu, a ƙarƙashin rumfa. Bututu mai tsawon mita ɗaya kan iya haura kilo 100, don haka a ɗaga shi da majanyin ɗaukar kaya mai faɗi, ba da tsurar sarƙa ba. A ɗan sunkuyar da bakin ƙasa, a toshe shi da itace mai ƙaramar kafa ta shan iska, a sake duba kakin a watan Mayu kafin ruwan farko.