Muna yabon Gambo Sawaba amma muna korar masu bin sawunta

Jama'a dan Allah ku bari in faɗi abinda ke ci min tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka ambaci Hajiya Gambo Sawaba sai kaga kowa na rubuta jaruma, uwar talakawa, Allah ya jiƙanta, amma yau mace ta buga fosta tace tana son kansila kawai, mu ɗin dai mu ne zamu fara tambaya wai ina mijinta, wa ya tsaya mata, da sauran maganganun da bakina bazai iya maimaitawa ba.

To ita Hajiya Gambo da kuke yabo kun san me ta gani? An haife ta 1933, mahaifinta ɗan Gana ne mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Zariya, iyayen duka suka rasu tana yarinya karatun boko ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana shekara 13, mijin ya tafi ya barta, a haka ta haifi Bilkisu. Aurarrakin da tayi daga baya ma basu ɗore ba, kuma ni wallahi banga laifinta ba, wane gida ne zai zauna lafiya matar gidan yau tana gaban alƙali gobe tana kurkuku? Sau 16 aka ɗaure ta saboda NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, 'yan daba suka yi mata duka, aka kore ta daga Kano, duk akan tace a daina aurar da yara ƙanana, a sa mata makaranta, a bar mata suyi zaɓe. Matan Arewa basu samu ƙuri'a ba sai 1976 fa, bayan 'yan uwansu na Kudu sun daɗe suna jefawa.

Ta rasu 2001, an sa sunanta a asibiti a Zariya, madalla. Amma ku duba majalisar dattawa, kujeru 109 mata huɗu kacal. Ranar zaɓe kuwa su waye ke cika layi tun sassafe da goyo a baya cikin rana? Mata. An yarda su ɗora wani akan kujera, ba'a yarda su hau ba, sai dai a basu shugabar mata da atamfa mai hoton ɗan takara.

Ni dai duk wacce ta fito a mazaɓata zan saurari manufarta kamar yadda nake sauraron namiji, maganar aurenta kuma tsakaninta da iyalinta ne, babu ruwana.