Wai kowane littafi jigonsa faɗakarwa ne?

Daren jiya bayan isha'i ɗiyar ƙanwata, wadda ke shirin jarrabawar gama sakandare, ta kawo mini littafin rubutunta in duba mata aikin Hausa. Shafin farko nazarin Ruwan Bagaja ne, an rubuta jigo: faɗakarwa da nishaɗantarwa. Na juya, Shaihu Umar: faɗakarwa. Wata rubutacciyar waƙa a gaba, ita ma faɗakarwa. Na ce mata, "Ke kuwa, faɗakarwa a kan me?" Ta yi shiru tana murza bakin hijabi, can ta ce, "Kawu, haka malam ya rubuta mana a allo. Ya ce in dai mun sa haka ba za a kayar da mu ba."

Ban ga laifinta ba, kuma ba zan ɗora wa malamin nata duka ba, don ni ma na riƙe alli, na san yadda ake. Aji cike maƙil, littafi ƙwaya ɗaya a hannun malam, rabin yaran ko bangonsa ba su taɓa gani ba. Amma wahalar aji ba ta mayar da wannan abin nazari. Hadda ce kawai.

Wanda ya san lambun fadama kafin zuwan injin ban ruwa ya san jigo. Itace ne ake kafawa a bakin rijiya, a gicciya masa wani dogo, gefe guda guga, gefe guda curin laka. Ka tumɓuke shi, ruwa ba ya hawa, albasa ta bushe. Jigon labari ma haka yake, shi ne abin da in ka zare shi labarin ya zube. To faɗakarwa fa? Ai gishiri ce, babu miyar da ba ta ciki. In an tambaye ka wace miya aka yi yau a gidanku ka ce mai gishiri, ba ka faɗi ƙarya ba, amma ba ka faɗi komai ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, da ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa, bai tsaya a ambaton jigo ba, ya sa a nemo furucin jigo daga bakin mawaƙin, a kawo shi a gajarce, sannan a warware shi. Mu sai muka ɗauki sunan muka yar da warwarar.

Na ce ta ba ni labarin Shaihu Umar da bakinta. Ta iya, har da inda kura ta cinye wanda ya sace shi. Ta san Makau, mijin uwarsa, da yadda mahassada suka yi masa sharri a fada cewa ya ɓoye bayi daga cikin waɗanda aka kamo a hari. Ta san Balarabe Abdulkarim ya tafi da yaron, ta san uwar ta bazama nemansa har ita ma aka sayar da ita, ba su sadu ba sai a Tarabulus, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wannan yana kanta, amma kalmar bauta ba ta fito ko sau ɗaya a aikin da ta rubuta ba. Ta ina yaro zai tashi daga ƙasar Hausa ya tsinci kansa a ƙasar Larabawa? Ba ta taɓa jin hanyar ayari da ke tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas da Gat har Tarabulus ba, ko ta Borno da ke bi ta Bilma da Murzuk. Ba ta san cewa a 1934 da littafin ya fito, marubucinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa matashin malamin makaranta ne a Bauci mai shekara ashirin da 'yan kai, kuma dokar da ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya sai 1936 aka yi ta. Wato masu karatunsa na farko suna zaune da mutanen da aka kamo a hari, wasu ma a gida ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da littafin nan shi ne yadda yake kawo hari kamar sana'a, babu hayaniya, babu tsinuwa, sai dai ka ga abin da ya yi wa uwa ɗaya da ɗanta. Ɗalibi zai iya cewa jigon bauta ne, wani ya ce ƙaddara da haƙuri, wani ya ce ƙaunar uwa. Duk zan karɓa in aka kawo mini shaida daga cikin labarin. A nan ma gardamar take da daɗi.

Gandoki ya fi wannan wuyar sha'ani. Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ya ɗauko jaruminsa daga yaƙe-yaƙen gaske: faɗuwar Kwantagora da Bida a 1901, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda aka kashe shi a 1903. Daga nan sai labarin ya tsallaka duniyar aljanu, sa'ad da jarumin ya dawo gida kuwa ya tarar da zamanin Nasara ya zauna, har yana yabon abin da ya gani. Yaro zai rubuta jigo: jarunta. Daidai ne, amma a tambaye shi, don me mutumin da ya yaƙi Turawa da takobi ya ƙare da yaba musu? Sai an gaya masa cewa littafin ya fito ne daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya a ofishin fassara na gwamnatin Turawa a Zariya, ita ce kuma ta buga shi don makarantunta. Ko marubucin da zuciya ɗaya ya yi yabon, ko kuwa kan tilas ne ya sa ganye a gefen tuwo don a bar jaruminsa ya yi kirari, wannan tambaya ce da ta isa aji ya kwashe sa'a guda yana musu a kanta. Ni ina da nawa ra'ayin, amma ba shi ne abin da ya kamata a rubuta a allo ba.

Ɓangaren tarihi ma ciwon ɗaya ne, ga shi an yi shekaru an cire darasin daga firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Tambayi ɗalibi dalilan jihadin 1804, zai jero maka addini, siyasa, tattalin arziki, kamar mai karanta rasit. Alhali Shehu Usmanu da kansa ya lissafa abubuwan da yake ƙorafi a kai a Kitabul Farƙi, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Ka riƙe jangalin nan kaɗai ka bi shi. Za ka same shi a zamanin sarakunan Haɓe, ka same shi a ƙarƙashin En'e lokacin Turawa, ka ji shi a bakin 'yan NEPU, har ka iso 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka shelanta soke haraji da jangali. Shekara 175 ke nan a igiya ɗaya, kuma akwai tsofaffi a kowace unguwa da za su ba yaro labarin gudun haraji kyauta.

Na san za a ce mini mai duba takarda yana da amsar da aka ba shi, kuma yaro maki yake nema. Gaskiya ne. Amma ban taɓa jin an rage wa ɗalibi maki don ya ce faɗakarwa a kan illar bauta, ya kuma kawo wurare uku daga littafin ba.

Mun kai sha ɗaya da rabi ni da ita, har uwarta ta leƙo sau biyu. Na zana mata hanyar ayarin a bayan takardar kuɗin wuta, ta kwafa. Da za ta tashi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, su waɗanda Makau ya kamo fa, su ma ai suna da uwaye ko?" Na ce ta je ta duba ko littafin ya ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu, ta kawo mini amsa ranar Asabar.