Sharhi a kan labarin samarin da aka kama da satar salula a Damagaram

Labarin nan ya kira yaran ɓarayi tun kafin alƙali ya saurare su, alhali a dokar Nijar wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Ya kamata iyaye su sani cewa tsarewar komisariya ko jandarmeri awa 48 ce, kuma ba a tsawaita ta sai da izinin mai gabatar da ƙara. Satar da aka yi da makami, ko cikin dare, ko a ƙungiya, hukuncinta ya fi na sata zalla tsanani nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna shi ne bayan fitowa gidan kaso, domin hukuncin yana shiga takardar kaziye, wato takardar da ke nuna hukunce-hukuncen da kotu ta taɓa yanke wa mutum, wadda ake nema a jarrabawar shiga aikin gwamnati.