Wa zai ambaci sunayen mutanen Nyanya?

Duk lokacin da na bi ta gaban babbar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa da ke Abuja na ga sabon sunan da aka liƙa mata, sai raina ya ɓaci. Gini ne da ke tsaye tun 1991, zamanin Babangida. An kashe masa naira biliyan 39 wajen gyara, a watan Yunin 2025 kuma Ministan Abuja Nyesom Wike ya raɗa masa sunan Shugaba Bola Tinubu. Kafin nan an ba shugaban titi guda a 2024, an ƙara masa da sabon barikin soja a Asokoro a Janairun 2025. Mutumin nan yana raye, yana kan kujera, shi ke sa hannu a kasafin da ake aikin da shi.

Masu kare abin cewa suke suna ai suna ne, aiki za a duba. To in sunan ba komai ba ne, me ya sa ake rububinsa? Me ya sa kullum a kan mai mulki yake faɗawa? Sun san abin da suke yi. Da sunan titi da na gini ƙasa ke gaya wa 'ya'yanta wane ne mutum a cikinta. Yaron da ya tashi a Abuja yau zai haddace sunayen ministoci daga allunan hanya tun bai iya karatun jarida ba, amma zai gama jami'a bai ji abin da ya faru a Nyanya ba.

Ranar Litinin ce, 14 ga Afrilun 2014, da sassafe. Wanda ya san tashar motar Nyanya da ke gefen Abuja ya san yadda take a wannan lokaci. Ma'aikata daga Mararaba da Masaka sun yi layi suna jiran dogayen motocin nan da ake kira El-Rufa'i, mai shayi yana fifita wuta, mai ƙosai tana tsamewa, 'yan kamasho suna kiran Wuse da Berger, ɗan dako ya ɗora buhu a ka. A tsakiyarsu bam ya tashi. Sama da mutum 70 suka mutu. A daren ranar aka sace 'yan matan Chibok, hankalin duniya ya koma can. Ranar 1 ga Mayu wani bam ɗin ya sake tashi a Nyanya, ranar 25 ga Yuni kuma a Emab Plaza da ke Wuse 2. Ina bin hanyar Nyanya har gobe, ina dubawa, idona bai taɓa sauka a kan allo mai ɗauke da sunayensu ba. Abin da muka riƙe adadi ne kawai, shi ma kowace jarida da nata.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jami'in kula da zirga-zirgar motoci na hedkwatar 'yan sanda. Ranar 16 ga Yunin 2011, wata mota ta bi sahun ayarin Sufeto Janar Hafiz Ringim ta shiga harabar hedkwatar, wato Louis Edet House. Wannan jami'i ne ya karkatar da ita zuwa wurin ajiye motoci don a bincika. A can ta fashe, ya mutu tare da maharin. Ginin cike yake da mutane a wannan safiya, kuma da yawansu sun koma gida sun ci tuwon dare da iyalansu saboda mutum ɗaya ya yi aikinsa. Ka tsayar da mutum goma a kasuwar Wuse ka tambaye su sunansa.

Barikin Asokoro kuwa, ai akwai masu shi. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya faɗi a Malam Fatori a watan Nuwambar 2016, bayan ya jagoranci tankokin da suka taimaka aka ƙwato Baga daga hannun Boko Haram. Kabarinsa na nan Abuja, a maƙabartar sojoji. Kurtun da zai shiga ƙofar bariki kullum safiya ya fi buƙatar ganin wannan suna a kan na ɗan siyasa.

Za a ce ai akwai 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Eh, ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a busa bigila, kowa ya shiga motarsa. Wata shida bayan bikin 2025, a watan Yuli, tsofaffin 'yan sanda ne suka yi cincirindo a ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa suna roƙon a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo. Dattawa masu furfura, waɗanda suka yi shekara 35 suna kwana a shingen bincike, sun koma ɗaga kwali a titi. Wannan abin kunya ne, kuma ba tattabarar da za ta rufe shi.

Wasu kuma na cewa tuna baya tayar da miki ne, ko kuma addini ya hana gumaka. Ba wanda ya nemi a sassaƙa gunki, mikin kuma bai taɓa warkewa ba a gidajen da aka yi rashin.

Ranka ya daɗe Minista, abin da ake nema bai kai kuɗin fentin cibiyar taron ba. A tattara sunayen daga asibitocin da suka karɓi gawawwaki da kuma iyalai, a rubuta su a bango a tashar Nyanya, Musulmi da Kirista a jere yadda suka tsaya a layi ɗaya a safiyar. A hana sa sunan mai riƙe da muƙami a kan kayan gwamnati sai ya sauka. Titin da za a buɗe nan gaba kuma, a nemo iyalan jami'in nan na Louis Edet House su yanke kirtanin da hannunsu, allon yana ɗauke da sunansa.