Wa zai biya idan na'ura ta tura kuɗin?

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da Operator a Janairun 2025, manhajar nan da ke shiga shafukan intanet da kanta ta latsa, ta cike fom, har ta yi sayayya, wasu samarinmu na Accra suka sami sabuwar waƙa. Wai kwanan yaron kafe, mai cike wa mutane fom a shagon intanet, ya ƙare. Wai tsohuwa mai koko a Nima ba sai ta biya kowa ya cike mata fom ɗin fasfo ba, na'ura za ta yi mata. Ko kunya ba sa jin cewa ranar da aka fito da abin, sai mai biyan dala 200 a wata, kuma mazaunin Amurka, ke iya taɓa shi.

Bar batun tsada ma. A ina aka gwada irin waɗannan manhajoji? A kan shafukan gwaji da aka gina musamman. Masana a jami'ar Carnegie Mellon sun haɗa irin wannan fili a 2023, suka sa masa suna WebArena: kanti na bogi, dandalin hira na bogi, taswira. GPT-4, wata manhajar OpenAI da ta riga Operator fitowa, ya kammala kusan kashi 14 cikin ɗari na ayyukan, mutane kashi 78. A Janairun 2025 OpenAI ya ce sabon nasa ya kai 58. Wannan fa da Turanci ne, a shafin da ba ya faɗuwa.

To a zo nan. Ka biya da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, an cire kuɗi, shafi ya tsaya cak, rasit bai fito ba. Yaron kafe na Mamobi ya san ba a sake latsawa, zai ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki dawo bayan la'asar." Ya san cewa Abdul-Razak na Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, da Abdul Razack na takardar makaranta mutum ɗaya ne, ya kuma san wanne fom ɗin zai karɓa. Na'ura ba ta taɓa zama a bencin nan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne damfara. Waɗannan manhajoji suna iya ɗaukar rubutun da suka tarar a shafi a matsayin umurnin mai su. Ɓarawo zai ɓoye jimla da farin rubutu a kan farin shafi, idonka ba ya gani, ita ta karanta ta bi. Masu ƙera su ma ba su musa ba. A garin da kullum ake buga wa mutane waya ana cewa "na tura maka kuɗi bisa kuskure", nan za mu miƙa lambar Ghana Card da lambar sirrin MoMo? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Za a ce ai tana tambaya kafin ta biya. Tsohuwar da ba ta karanta Turanci, me za ta tabbatar? Masu cewa gobe za ta gyaru kuwa, su gwada da asusunsu.

Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ba da wannan a zuciya aka rubuta ta ba. Babban Bankin Ghana da Hukumar Tsaron Intanet su fito su faɗa wa zai biya idan manhaja ta tura kuɗi inda ba a aike ta ba. Google kuma, da ya buɗe cibiyar bincikensa a Accra tun 2019, ya gwada nasa a kan shafukanmu, a nan, ranar da netuwok ke rawa, ya gaya mana kashi nawa ya ci.