Hannun da ya iya waya me zai hana shi kwamfuta?

Ranar kasuwar Maigatari ko ta Gujungu, kana iya ganin mutumin da kuturta ta cinye wa yatsu yana shafa fuskar wayarsa da dungulmin hannu, ya saurari saƙon murya a WhatsApp, ya mayar da amsa. Amma kai shi ɗakin kwamfuta na sakandaren garinsu, ka miƙa masa maus, 'yar na'urar da ake tuƙa kibiyar fuskar kwamfuta da ita, nan take zai koma ɗan kallo.

Ni dai maus nake ɗora wa laifi. Tun da Douglas Engelbart, wanda ya ƙirƙiro ta, ya nuna ta a Amurka a 1968, abu uku take nema a lokaci guda: ka riƙe, ka ja, ka danna ba tare da ta goce ba. Yaron da shan-inna ta taɓa wa hannu, ko mai shanyewar ɓarin jiki, dole ɗaya cikin ukun ya kuɓuce masa.

Alhali mafita ba ta da nisa. Ɗan allon shafawa da ke jikin laftof yatsa ɗaya yake buƙata. Akwai allon kwamfuta da ake taɓawa kai tsaye kamar na waya. Akwai maus mai ƙwallo a sama, ita ba ta motsi, ƙwallon kawai ake murzawa da tafin hannu, wasu ma da ƙafa. Windows kanta tana da saitin da ke mayar da maɓallan lambobi su riƙa tuƙa kibiyar, kuma ko sisi ba a biya. Malamai nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa kunna shi?

Ba na cewa taɓawa ta dace da kowa. Irin allon waya da 'yar wutar lantarkin jikin mutum yake aiki, shi ya sa hannun roba ba ya motsa shi, busasshiyar fatar hunturu ma takan ba shi wahala. Sai a ɗaura wa mutum alƙalamin taɓawa a hannu. Mai karkarwar hannu kuwa allon yakan ɗauki taɓawar da bai yi niyya ba, shi mai ƙwallon ya fi masa.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, har ta ba da damar amsawa da maɓallan haruffa. To amma ɗalibin da bai taɓa iya zama gaban na'urar ba, ina zai samu sabo?

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta sa an fara gina gangaren kekuna a bakin ƙofofi. Madalla. Sai dai bayan an shiga ɗakin akwai tebur. Ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukumar da zai raba kwamfutoci ashirin, ya rage ɗaya, ya sayo mai ƙwallo da allon taɓawa da kuɗinta, a bar ɗalibin ya gwada su da hannunsa ya zaɓa.