Ku daina ɗaure wayoyin buji da na kwamfuta dami ɗaya

Ƴan'uwana masu gyaran wutar mota na Yamai, da ku masu motoci, yau maganar wayoyin buji zan yi, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a garajojinmu. In an gama aiki, sai a tattaro duk wayoyin da ke jikin injin, manya da ƙanana, a naɗe da sikoc, a ɗaure tamau a jingine gefe guda. Mai mota ya leƙa ya ga tsaf, ya ce madalla. Wannan kyan na ido ne kawai, kuma shi ke dawo da motoci da yawa garaji da ciwon da aka rasa gane kansa.

Batir bolt 12 yake bayarwa. Bobin ke ɗaga shi zuwa bolt 20,000, wani lokaci ya haura 30,000, don tartsatsi ya iya tsallaka ɗan ratar da ke bakin buji. Injin mai silinda 4, in yana juyi 3,000 a minti, tartsatsi 100 yake yi kowace daƙiƙa. Duk lokacin da wannan wutar ta ruga cikin waya, tana tayar da maganaɗisu kewaye da ita, kuma duk wayar da ke kwance kusa da ita tana ɗibar wani abu daga ciki, ko da robar kowacce lafiya lau take, babu tsaga ko ɗaya. Tun 1831 Michael Faraday ya gano haka a Ingila, kuma bobin ɗin kansa da wannan ƙa'idar yake aiki. Gwargwadon kusancin wayoyin da tsawon tafiyar da suka yi tare, gwargwadon abin da ke tsallakawa.

Ba na zargin dattawanmu. Sun koyi aiki kan Peugeot 504 da 505, masu karbireta da delko mai raba wa buji wuta, kuma a waɗancan motoci babu abin da ke jin wannan hayaniya, wato wutar da ke tsallakawa daga waya zuwa waya, sai rediyo. Muddin wuta ta isa inda aka aike ta, aiki ya yi. Da wannan tunanin muka tashi, shi muke koya wa yaranmu, alhali Corolla da RAV4 da sauran motocin da suka cika titunan Yamai yau duk ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota, ke tafiyar da su.

Ƙwaƙwalwar nan ba ta ganin injin, labari ake kawo mata. Akwai ƴar na'ura da ke kallon wani faifai mai haƙora a jikin injin, tana sanar da ita duk haƙorin da ya wuce. A injinan Toyota da yawa faifan na da gurbin haƙori 36, an cire 2 don su zama alama. Da wannan ƙidayar take sanin lokacin sakin wuta da lokacin fesa mai. Irin na'urar mai maganaɗisu saƙonta rarrauna ne ƙwarai lokacin tayar da mota, wani sa'in ko bolt ɗaya bai cika ba. To ka ɗauki wannan siririyar waya ka manna ta da wayar da ke ɗauke da bolt dubbai. Kamar ka zaunar da mai raɗa kusa da makaɗin kalangu ne ka ce a saurare shi. Ƙwaƙwalwa sai ta ƙirga haƙorin da babu shi, lissafi ya rikice, mota ta yi ta shaƙewa, ko ta mutu a tsakiyar shataletale, a sake tayarwa ta tashi kamar ba ita ba. A sa na'urar bincike, ta nuna laifi wajen na'urar ƙidaya. A sayo sabuwa a ɗaura, ciwo yana nan.

Waɗanda suka ƙera motar sun san da wannan, shi ya sa suka sa wa wayar na'urar ƙidaya riga ta saƙaƙƙen ƙarfe, wadda ake haɗawa da mas, wato ƙarfen jikin mota, ta gefe ɗaya kawai. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yi da rigar nan in ɓera ya ci wayar ko zafi ya ƙona ta. Sai a yanke, a yar da rigar, a jona da kowace irin waya da hannu ya kai gare ta. Wani kuma, don son gyara, sai ya haɗa rigar da mas gaba da baya, wuta ta samu hanyar bi ta cikinta, ta kawo hayaniyar da aka sa ta don ta tare.

Su ma wayoyin bujin suna cutar junansu. Mafi yawan injina masu silinda 4 suna tashi ne 1-3-4-2, wato ta 3 da ta 4 maƙwabta ne kuma suna tashi a jere. In aka matse wayoyinsu wuri guda, musamman in sun tsufa, wutar wannan na iya tayar da tartsatsi a waccan kafin lokacinta. Ƴan maƙalan robar nan masu ramuka da ke raba wayoyin, aikinsu ke nan. Zafin Afrilu da Mayu, da kan kai maki 45 a inuwa balle ƙarƙashin murfin injin, yana busar da su su karye, kuma ban cika ganin wanda ya damu ya mayar da su ba. In dole waya ta gitta wata, to ta gitta ta a tsaye ta wuce, kada su jera. A nisantar da su daga bututun hayaƙi da duk ƙarfe mai kaifi, don motar da ke bin hanyar Tahoua zuwa Agadez girgiza kaɗai ta isa ta cinye robar waya. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kansu, damina ta zo ta jiƙa, wuta ta samu hanyar zurarewa. Mai son gani da idonsa ya tayar da mota cikin duhu ya leƙa, zai ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikin wayoyin da suka gaji. Kallo kawai, ban da taɓawa.

Sai batun waya mai zuciyar tagulla, wadda wasu ke nema wai ta fi ba da wuta. A tsohuwar mota mai karbireta ba laifi sosai. A mota mai ƙwaƙwalwa kuwa fitina ce. Wayar da aka yi wa waɗannan motoci da gangan aka sa ta tana ɗan tauye wutar, don ta kashe hayaniya. Haka buji ma: harafin R da ke cikin lambar bujin kamfanin NGK, kamar BKR6E, yana nufin akwai abin tauye wuta a ciki, kimanin om 5,000 a ma'aunin tauye wuta. In littafin mota ya ce mai R, a sa mai R.

Mas kuwa, duk wanda ya sauke injin ya mayar, ya tabbata igiyar da ke haɗa injin da jikin mota ta koma, a kan ƙarfe kankararre, ba kan fenti ko tsatsa ba.

Wani zai ce motarsa kowace buji da bobin ɗinta a kai, ko kuma ta gazuwal ce, babu buji sam. Bai tsira ba. Dinamo na da tasa hayaniyar, masu fesa mai na da tasu, ga masu ɗaura ƙararrawar ɓarayi da na'urar bibiya da manyan lasifika suna ratsa wayoyinsu ta ko'ina. In ka ga wayoyi biyu an murɗe su tare a cikin dami, ba ado ba ne, murɗin ne kariyarsu, kada a warware. Rediyo ma shaida ne: ƙaf-ƙaf da ke ƙaruwa in an taka mai, daga wajen buji yake, fito mai tashi da sauka, daga dinamo.

Alhaji mai mota, kai ma da naka. Kana biyan kuɗin kaya ba gardama, amma in yaro ya yini yana bin waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano matsala, sai ka ce ai bai sa komai ba. Shi ya sa da yawa suka gwammace su ce maka ƙwaƙwalwa ta ƙone. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowa ya san yadda tsadarsu ta koma. Kafin ka yarda a sayo ƙwaƙwalwa, ka ce a duba hanyar wayoyi da mas tukuna, kuma ka biya ladan dubawar.

A wurina, yaro ba ya kwance waya ko ɗaya sai ya ɗauki hoton injin da wayarsa ta hannu, ta gaba da ta gefe. In ya gama, mu ɗora hoton kusa da aikin mu duba tare, kowace waya ta koma ta inda ta fito, kowane maƙali ya koma gurbinsa, sannan a kira mai mota.